Jar Motar da Ke Bayan Katangata

Da na daina yawon duniya na dawo Tudun Wada da zama, wajen ƙarshen shekarun tamanin, abin da na shigo da shi ya fi ba mutane dariya shi ne akwati cike da matattun motocin wasan yara, irin waɗanda ake tuƙawa daga nesa da rimot. Wasu a bolar Jidda na tsince su, wasu a kasuwar gwanjo ta Kumasi. A can ƙasashen na ga masu furfura suna tseren irinsu ba mai kallonsu. A nan kuwa suna aka sa mini, Alhajin yara.

Bayan la'asar nake zama a zaure da dalma da ƙarfen liƙi. In taya ta tsage in yanko wata daga tsohon silifa, in haƙorin giya ya karye in sassaƙa na ƙaho. Kowace mota tana da wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu a cikinta, rimot ɗinta ma yana da irinsa. In lambarsu ta zo ɗaya, sai su ji juna ko da katanga a tsakani.

Maƙwabcina wani dattijon Bafillatani ne da ya sayar da shanunsa a Burumburum ya shigo gari. Baffa muke ce masa. Babban ɗansa ya tafi Makka ta ƙasa neman aiki, ya taɓa aiko da saƙo sau ɗaya, har da wata jar mota, daga nan shiru. Shekaru suka shuɗe. Matar ɗan tana nan a gidan, ba ta da miji a gabanta, ba ta kuma da damar yin takaba ta sake aure, sai in Baffa ya yarda a je gaban alƙali a ce ɗan ya mutu. Danginta sun zo daga Kiru sun roƙa, sun gaji.

Ni na gyara jar motar. Rimot ɗinta ya ɓata tun a hanya, sai na sa mata ɗan ƙarfe daga nawa, na gwada ta yi tafiya, na mayar wa Baffa don ajiya. Na manta da ita.

Wata rana mai ɗakina ta ce ko na ji abin da ake faɗa. Wai motar tana tafiya da kanta a ɗakin ɗan. Baffa kan shanya batir a rana tun safe, kamar yadda muke yi wa na rediyo in ya yi sanyi, da la'asar ya mayar ya zauna a bakin ƙofa. Sai motar ta zabura, ta juya, ta daki ƙafar gado. Ya ce wa dangin matar cewa ɗansa yana raye, ga shi yana taɓa kayansa, kada wanda ya ƙara kawo masa maganar alƙali. Ita kuwa matar ta daina bi ta ƙofar ɗakin.

Na dubi rimot ɗin da nake gwaji da shi kullum a daidai wannan lokaci. Zaurena da ɗakin nan katanga ɗaya ce.

Washegari na ɗauke shi na yi sallama. Baffa ya tambaye ni ko yaran nawa sun tashi lafiya, yana nufin motocin. Na ce lafiya lau, sai ɗaya da ta tsallaka gidansa take yi mini ƙarya. Bai yi dariya ba. Ya kai ni ɗakin. An share shi tas, ga takalman ɗan a jere, ga motar a tsakar daɓe da eriyarta a miƙe. Na danna, ta yi gaba. Na karkata, ta karkata. Na yi masa bayanin ɗan ƙarfen a hankali, da Hausa, na maimaita da ɗan Fillancin da nake da shi.

Ya daɗe yana kallon babban yatsana. Sannan ya ce, "Cire batir ɗinka, Alhaji."

Na cire na zuba a aljihu, na ajiye rimot ɗin a kan tabarma. Muka zauna. Ana jin matar tana daka a can ciki, sai kuma dakan ya tsaya. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan daɓen.

Motar ta yi ƙara siririya. Ta matsa kamar taku ɗaya, ta juya hancinta wajen ƙofa, inda Baffa yake, ta tsaya.

Na san oba-oba, rediyon magana na hannu, na iya yin haka. Na gani a tashar jiragen ruwa, inda rediyon ma'aikata ke sa irin waɗannan motoci rawa. Na kasa kunne ko wata babbar mota na wucewa a titin Doguwa. Ban ji komai ba, ko kukan akuya.

Baffa ya miƙa hannu ya kife motar, ya zare batir ɗin ɗaya bayan ɗaya.

"Da kai ne kaɗai, da na ci gaba da jira," ya ce. "Mai rai mutum yake aikowa. Wannan ba aikin mai rai ba ne."

Ya ɗaga murya ya kira surukarsa, abin da ban taɓa jin ya yi ba, don kunya ce tsakaninsu. Ta zo ta durƙusa daga nesa, ba ta kalli ɗakin ba. Ya ce ta aika wa mutanenta a Kiru, su zo a je wurin alƙali.

Bayan alƙali ya yanke hukunci, ta yi takabarta a gidan. Ranar da ta fita, aka yi mata wanka da kitso, ta leƙo ta yi wa mai ɗakina sallama, ta hau motar Kwanar Dangora.