Baba Garba Mai Rediyo Ya Tafi Ban Roƙe Shi Gafara Ba

Da safen nan ina wanke injin markaɗe labarin ya iske ni. Baba Garba ya rasu jiya da la'asar a Argungu, har an yi jana'iza.

Zama na yi a ƙasa, hannuna duk ƙullu.

Waɗanda ba su san shi ba, maƙwabcina ne a unguwar Badariya, katanga ɗaya ta raba mu. Shi ne dattijon da ya kafa dogon ƙarfe a kan rufinsa. Rediyonsa ba ta jin labarai ba ce, magana yake yi da mutane a cikinta, kuma da lasisinsa.

Ya taɓa yi mini bayani. Yawancin shekara muryarsa ba ta nisa. Amma da farkon damina akwai ranakun da yake cewa sama ta buɗe, sai muryar ta kai har ƙasashen Turawa. Wani lokaci awa ɗaya, wani lokaci minti biyar, ta rufe. Ba wanda ya san yaushe.

Matsalar ita ce injina. In yana aiki, ba abin da Baba yake ji a rediyonsa sai ƙarar tartsatsin fulogin injin. Sai ya ƙwanƙwasa katanga da sandarsa.

"Maman Rifkatu, ɗiyata, kashe muna dodon nan naki, sama ta buɗe!"

In kashe. Mata masu kawo markaɗe su yi ta dariya da robobinsu a hannu.

Wata rana ya kira ni ya miƙo mini makirfo, wai in gaida wani mutum a Italiya. Na ruɗe na ce "Ina wuni." Mutumin ya amsa da abin da ban gane ba. Baba ya yi dariya har da hawaye.

Shi ya kai maigidana asibiti lokacin da ya faɗi daga mashin. Duk Kirsimeti sai ya aiko mana da shinkafar gonarsu ta Gulma. Fankata kuwa ban san sau nawa ya gyara ta ba.

Daminar bana ya ce akwai wata ƙasa da ya shekara uku yana nema bai samu ba. Ran nan ina markaɗen bikin suna, layi har waje, na ji sanda a katanga. Na ce, "Baba, bari in gama wannan robar."

Roba uku na yi.

Da na kashe, shiru. Can na ji muryarsa ta bayan katanga.

"Tada abinki, ɗiyata. Ta rufe."

Ni kuma kunya ta hana ni shiga.

Ganina da shi na ƙarshe a tasha ne, zai tafi Argungu da jakarsa da eriya a ɗaure. Ya ce a bakin fadama ba hayaniya, zai gwada can. Na buɗe baki zan ce ya yafe mini, sai ya riga ni: "Ki canza fulogin nan, shina shan miki mai." Mota ta cika, suka tafi. A can zazzaɓi ya kama shi, shi ne ajalinsa.

Yanzu na dawo daga gaisuwa. Na durƙusa gaban Inna Hajo, matarsa, na faɗa mata komai, na ce ta yafe mini a madadinsa.

Ta dube ni ta ce:

"Wace rana ke nan? Ni bai taɓa gaya mini ba."

Shekara arba'in suna tare, ko ita bai kai mata ƙarata ba.

Allah ya jiƙanka Baba, ya yafe maka kamar yadda kake yafe wa mutane. Allah ya ba Inna Hajo ƙarfin zuciya.

Duk wanda ya karanta, a masallaci kake ko a coci, don Allah ka sa shi a addu'a. In da saura, ka sa ni ma.