Tsohon da ke Gaida Jirgi

Salulata ce ta yi ta kaɗawa a kan farantin tasa, zzz, zzz, ina tsaka da yankan albasa. Na share ta sau biyu, a na uku na goge hannu da zani na ɗauka. Yayata ce daga Clichy-sous-Bois a gefen Paris, dariya ta hana ta ƙarasa gaisuwa.

"Ke, tsohonki ya yi suna! Duk Paris an san shi."

"Wane tsoho, Yaya?"

"Mai kukan jirgi mana. Duba abin da na turo miki."

Na duba. Bidiyon da na ɗauka da hannuna ne, amma an datse shi, an sa masa kiɗa, an rubuta a sama da Faransanci wai ga mahaukacin gada. A ƙasa maganganun mutane ne, ina ja ina ja ba su ƙarewa. Wani ma ya rubuta unguwar da gadar take. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, wuƙa a hannu, ina ta innalillahi.

Ƙaramar ɗiyata, shekararta bakwai a lokacin, Allah ya ɗora mata son jirgin ƙasa. Ranar Laraba da rana babu lakwal, wato makaranta, sai mu hau taram, ɗan jirgin cikin gari, daga unguwarmu Bron a gefen Lyon, mu ƙarasa da ƙafa zuwa wata gada da ke bisa layukan dogo. A can muka iske wasu tsofaffin Turawa, huɗu ko biyar, kowa da kamararsa a kan ƙafafu uku da ɗan littafin da yake rubuta lambar jirgi. Akwai wani dogo mai shuɗiyar hula. In jirgi ya ɓullo sai ya cire hular ya ɗaga sama, ya yi kukan jirgi da bakinsa. In direban ya amsa masa, sai ya yi ɗan tsalle kamar yaron da aka ba alawa. Shi ya koya wa ɗiyata bambanta jirgin kaya da na mutane tun daga ƙara.

Ranar da muka fara zuwa, yarinyar ta tsaya daidai gaban kamararsa. Ya dube ni ya ce, "Madam, kin yarda ta fito a hoton?" Na girgiza kai, don ba na son hoton ɗiyata a hannun baƙo. Ya dafa ƙirji ya juya kamarar gefe. Jirgin da ya daɗe yana jira ya wuce bai ɗauka ba, bai ko ɓata fuska ba.

Ni kuwa, wata Laraba, na ɗaga salula kusa da hijabina kamar mai duba saƙo, na ɗauke shi tun daga cire hula har tsallen. Wallahi ba da niyyar ba'a ba. So na yi innarmu a Damagaram ta ga a nan ma tsofaffi suna wasa. Na saka a gurup ɗin dangi, aka yi dariya, na manta. Mura ta kama yarinyar, muka yi Laraba uku ba mu je ba.

Asabar ɗin da ta biyo bayan kiran Yaya akwai suna a gidanta, na hau jirgi na tafi Paris. Ban ci komai ba sai da na gano wadda ta fitar da bidiyon. Ɗiyar Yaya ce, mai karatu a jami'a. Na ja ta ɗakin girki.

"Haba Tanti, ai a waje yake, ba a ɗakinsa ba. Kowa na ganinsa."

"Mu da ke kan gadar muke ganinsa, ba duniya ba."

Yaya ta leƙo da ludayi a hannu. "Ke dai da tausayin tsiya. Nasara ne fa, su da suke yawo rabin tsirara, hoto ne zai dame su?"

"Tsoho ne, Yaya. Da Baba ne aka rubuta wa mahaukaci?"

Ta koma kan tukunya. Ɗiyar tata ta goge bidiyon a gabana, ta ce amma wasu sun riga sun kwafa, ba ta da iko da nasu. Sannan ta ce, ba da rashin kunya ba, "Tanti, ke kin tambaye shi kafin ki ɗauka?"

Tun muna makarantar Islamiyya aka koya mana cewa hakkin mutum, sai shi mai hakkin ya yafe. Ba a ce sai Musulmi ba. Duk hanyar komawa Lyon abin da ke cina ke nan: ko sunansa ban sani ba, ina zan same shi?

Laraba na riƙe hannun ɗiyata muka tafi, da wasiƙar neman gafara da na rubuta sau uku ina yagawa. Tsofaffin suna nan, babu mai shuɗiyar hula. Na nufi wani gajere da suke yawan tsayawa tare, na gaishe shi, na tambaya.

"Ba ya zuwa," in ji shi. "Samari suka yi ta zuwa nan da salula, suna cewa ya yi musu kukan jirgi. Ɗaya ya fizge masa hula. Ya naɗe kayansa ya tafi. Tun kafin a haifi yarinyar nan yake tsayawa a wurin nan."

Na kira shi Mushe, yadda ake girmama namiji da Faransanci, na ce, "Ni ce na ɗauka."

Jirgi ya wuce a ƙarƙashinmu, ba wanda ya taɓa kamara.

"Mu jirgi muke ɗauka, Madam. In mutum ya shigo, mu tambaye shi."

Na roƙe shi ya nuna mini gidan tsohon in je da kaina. Ya ce a'a, baƙin da suka same shi sun isa haka. Ya dai karɓi wasiƙar ya sa a aljihu, ya ce zai kai, amma bai yi mini alkawarin za a karanta ba.

A taram ɗiyata ba ta leƙa taga ba kamar yadda ta saba. Ashe duk ta ji, kuma Faransancinta ya fi nawa. Sai da muka kusa sauka ta ja gefen hijabina.

"Mama, ranar nan ya tambaye ni ko shi kike ɗauka. Na ce masa a'a, mamata ni kaɗai take ɗauka. Ƙarya na yi masa ke nan?"