Ɗigon da Ba Ya Kan Allo

Sana'ata katin hoto ce, wato abin da ake sa wa kwamfuta don ta iya ɗaukar bidiyo mai nauyi. Tsofaffi nake sarowa daga Accra, in wanke su, in sayar a shagona na unguwar Kanvili a Tamale. Wanda ya so, in ƙara wa katinsa gudu fiye da yadda kamfani ya saita shi. A zafin Tamale wannan aiki yana son hankali. In ka matsa wa kati da yawa, alamar farko ita ce ɗige-ɗige su fara yawo a allo.

Akwai wani dattijo daga unguwar Dabokpa da nake kira Yaya, mai haɗa bidiyon biki da suna. Da wannan aiki yake ciyar da gidansa, kuma samari masu sababbin na'urori sun fara ƙwace masa kwastomomi. Ya zo ya ce, "Ƙanina, zaɓa min wanda zai bi yaran nan a guje." Na zaɓa masa mai fanka biyu, na ƙara masa gudu kaɗan, na gwada shi da tsakar rana, ya tsaya lafiya.

Bayan bikin salla ya dawo da kwamfutar a bayan babur.

"Katinka ya fara ƙuda," in ji shi. "Baƙaƙen ɗigo ko'ina. Fuskar amarya kamar an watsa mata kanumfari."

Na rage gudun, ya tafi da ita. Ya dawo. Na mai da katin yadda kamfani ya yi shi, na sake man da ke sanyaya shi. Ya sake dawowa, yana cewa wata hajiya ta ƙi karɓar bidiyon 'yarta saboda launin ya lalace. Na canza masa kati gaba ɗaya. Da ya dawo a karo na gaba, ransa a ɓace, sai na ce ya zauna ya nuna min da yatsa.

Na kunna. Allon tas yake.

"Ga shi nan," ya ce. "Ga wani yana gangarowa. Kai ba ka gani?"

Yatsansa yana bin inda babu komai. Na ce ya juya ya dubi farin bangon shagon.

Ya daɗe yana kallon bangon. Fankar katin tana ta juyawa a bayanmu.

"Suna nan ma," ya ce a hankali.

Ni ba na ɓoye wa mai saye gaskiyar kaya, don haka ban ɓoye masa wannan ba. Na ce, "Yaya, katin lafiyarsa lau. Asibiti za ka je."

"Ƙara masa haske dai mu gani."

"Ba haske ba ne."

A asibiti aka ce ciwon suga ne ya ci jijiyoyin idon, ya kuma yi nisa. Ya ci gaba da aiki na ɗan lokaci, fuskarsa manne da allo, har mutane suka daina kawo masa. Kafin damina ya aiko matarsa da kwamfutar, a naɗe cikin zane. Ta ajiye ta a kan teburina ta ce ya ce in sayar wa wanda zai yi aiki da ita, kada in rarraba ta in sayar da kayan cikinta ɗaya-ɗaya.

Ban rarraba ta ba. Wani saurayi daga Gurugu, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓe masa bukukuwa, shi ya saya.