Wa-Ya-Taɓa, Mai Gyaran Keken Batir

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe ɗakin gyaran da ke bayan cibiyar kula da masu larurar ƙafa, kuma kafin ya sa kansa ciki sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙare wa ɗakin kallo, kamar wanda aka gaya wa an shiga bayansa. Sifanonin suna rataye yadda ya bar su? Cajojin nan huɗu, akwai wadda ta yi zafi? Sai ya bi kekunan guragu masu batir da ke jere jikin bango ɗaya bayan ɗaya, ya latsa taya, ya girgiza 'yar sandar tuƙi, ya kai hanci kusa da akwatin batir ya shinshina. Shekara ashirin da huɗu ke nan yana wannan zagayen, ba a taɓa sace masa ko noti ba, amma bai fasa ba.

Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a cibiyar. Wa-Ya-Taɓa kowa ke ce masa, har likitoci. Ka kawo masa keke ka ce haka kawai ya daina tafiya, sai ya zame tabarau zuwa kan hanci ya dube ka ta sama.

"Haka kawai? To, wa ya taɓa?"

"Wallahi Baba, ba wanda ya taɓa."

"Madalla. Ashe aljanu ne suka wanke shi da bokitin ruwa har cikin waya."

Ba ya yarda da "lafiya lau", ba ya yarda da "jiya-jiyan nan na yi caji", ba ya yarda da cajar da aka aro wajen maƙwabci. Yana da wata 'yar kwalbar farin fenti a aljihun gaba. Duk notin da ya ɗaure, duk abin da ya saita, sai ya ɗiga masa fenti, don ranar da keken ya dawo ya san inda hannu ya bi. Mutane da yawa sun fita daga ɗakin nan suna ƙunƙuni. Wani direba da ya cire ƙananan tayoyin nan biyu na baya, masu hana keke kifewa ta ƙeya, wai suna kama dokin ƙofa, ya sha faɗan da har yau in ya hango shi sai ya sake hanya. Gaskiya mutumin nan ba shi da daɗin sha'ani da safe, da rana ma sai a hankali.

Amma a tambayi Uwar Ɗinki.

Uwar Ɗinki dattijuwa ce mai shagon ɗinka kayan makaranta, da 'yan mata masu ɗinki shida a ƙarƙashinta. Ciwon baya ya kwantar mata da ƙafafu shekara bakwai da suka wuce, ta yi shekara biyu a ɗaki tana kallon silin, sannan ta samu keken batir. Shi ya mayar da ita kan teburin yanka. Kullum da safe takan fito daga gidan 'yarta, wadda take nas ce, ta bi gefen titi, ta hau gangaren siminti da aka yi mata a ƙofar shago, ta buɗe kwaɗo da hannunta. Wa-Ya-Taɓa ne ya koya mata tuƙi a tsakar cibiya, tsakanin tsofaffin tayoyi: ta ɗaura bel kafin ta kunna, ta juya maɓallin gudu wajen hoton kunkuru in tana cikin mutane ko kan gangara, kada ta ratsa gangara a karkace, kada ta rataya jaka a sandar tuƙi, ta kashe wuta duk lokacin da za ta sauka ko za ta miƙa hannu ɗauko abu.

Wata Talata sai ga 'yar tata, Nas, ta kawo keken babu kowa a kai, idonta jawur. Keken ya gangaro da Inna, wato Uwar Ɗinki, da baya daga ƙofar shago, ya daki katangar maƙwabta. Allah ya kiyaye, bel ya riƙe ta, sai targaɗe a wuyan hannun hagu.

"Baba, ba gyara na kawo ba," in ji Nas. "Ka duba shi ka samo mana mai so. Hannun Inna ya fara rawa, ita da kanta ta ce ta ja sandar baya bisa kuskure. Ta zauna a gida ta huta haka nan."

"Ita ta ce?"

"Da bakinta."

"Uhm," in ji shi. Duk wanda ya san shi ya san wannan "uhm" ɗin ba amincewa ba ce.

Da ta tafi ya durƙusa. Ƙarfen baya ya lotsa sosai, ɗaya daga cikin ƙananan tayoyin ya lanƙwashe. Ya dubi maɓallin gudu, yana kan kunkuru. Keken da ke kan kunkuru, kuma da baya, tafiyarsa ba ta kai ta mai jan ƙafa ba, ta ina zai yi wannan lotsawar? Ya fara zargin birki, ya gwada shi sau goma: da an saki sanda sai ka ji ƙas, keke ya tsaya cak. Ya zargi batir, mitar awon wuta ta wanke shi. Ya zargi aikinsa na wata uku baya, ya bi ɗigon fentinsa noti bayan noti, duk suna nan. Sai da ya zo kan liba.

Liba wasu 'yan ƙarafa ne guda biyu a jikin injinan baya. In aka danna su ƙasa, inji ya saki taya don a iya tura keken da hannu. Abin da mutane ba su sani ba, birkin ma a nan yake sakin taya, sandar tuƙi kuma ta zama hoto. Fentin da ya ɗiga a kansu ya goge tas, ba gogewar rana ɗaya ba, har da wani baƙi-baƙi na man goge takalmi. Ya miƙe ya dubi robar mariƙin turawa ta baya, wadda ya san ta da ƙura. Tana sheƙi.

Washegari da hantsi ya rufe ɗakin gyara, abin da bai saba ba, ya tafi shagon. Ya auna gangaren da ido, ya dubi tabon da ke jikin katanga. Ɗaya daga cikin masu ɗinkin, wadda ta iso daidai lokacin da abin ya faru, ta ce ta ji keken yana ƙara ɗit-ɗit-ɗit, fitilunsa na ƙyaftawa, Uwar Ɗinki kuma tana ta tura sandar gaba. Gaba, ba baya ba. Ya sa ta maimaita har sau uku, har yarinyar ta fara jin haushi.

Daga nan ya wuce gidan. Ya tarar da dattijuwar a kan tsohuwar kujerar turawa, an ajiye ta kusa da taga. Bayan gaisuwa ya ciro allura da zare daga aljihu ya miƙa mata.

"Hajiya, maɓallin rigata ya tsinke. Taimaka ki zura mini."

Ta zura a karo ɗaya, ko tabarau ba ta nema ba.

"Wannan ne hannun da ke rawa?"

Ta kau da kai. "Kuskure ai ba ya sallama, Malam."

"Wa yake tura ki?"

"Ba kowa."

"Hajiya, shekara biyar ina ganin mariƙin nan da ƙura. Wa ya taɓa?"

"Na ce maka ni ce. Ka bar maganar nan, don Allah."

Ya fito ransa a ɓace. Ƙarya dai ya saba jin ta, kusan ita ce karin kumallonsa, amma duk masu yi masa ƙarya kansu suke karewa. Wannan kuwa ƙarya take yi a kan kanta, tana ji tana gani za a raba ta da shagonta. A zaure ya yi kiciɓis da mijin Nas, wani malamin makaranta mai ladabi kamar ya kwanta a ƙasa, ya dawo cin abincin rana. Suka gaisa. Wa-Ya-Taɓa bai dubi fuskarsa ba, takalminsa ya duba, baƙi, ya sha mai.

Ya wuce abinsa. Ya dai aika wa Nas cewa ba zai nemi mai sayen keke ba sai su uku, ita da mijinta da Inna, sun same shi a ƙofar shago ranar Asabar.

Ranar Asabar ya zo da keken a gyare. Ya ɗora masa buhun ƙyallaye biyu a mazauni, ya tsaya a gefe ya tuƙa shi da yatsa zuwa tsakiyar gangara, ya saki sanda. Ƙas. Keke ya tsaya kamar an dasa shi.

"Nas, tura shi ƙasa da ƙarfinki."

Ta tura, ko motsi.

"To riƙe mariƙin nan da kyau, hannu biyu. Kin riƙe?"

Ya sa ƙafa ya danna liba biyun. Nan take keken ya taho mata da nauyinsa gaba ɗaya, fitilu na ƙyaftawa, yana ɗit-ɗit-ɗit, sai da ta ja da baya taku biyu tana salati kafin ya tare shi ya mayar da liba sama.

"Abin da ya faru da mahaifiyarki ke nan. Ko hannun wa ke kan sandar, haka zai gangaro." Ya zame tabarau. "Saura tambaya ɗaya, kun kuma san ta."

Uwar Ɗinki ta buɗe baki za ta ce ita ce, sai surukin ya riga ta. Ya durƙusa a gaban kujerarta.

"Ni ne, Inna. Wallahi ban san birkin yana tafiya da shi ba. Na ɗauka laushin turawa kawai yake ƙarawa."

Ashe wata biyu ke nan da aka sauya masa makaranta, hanyarsu ta zama ɗaya da safe. Ya ce ba zai iya tafiya hannu a aljihu ba surukarsa tana hawa tudu ita kaɗai mutane na kallo, sai ya riƙa danna liba da ƙafa yana tura ta. Kullum yana mayarwa. Ran Talata ya makara, ya kai ta saman gangara, ya yi sallama ya juya da sauri. Shi ma duk kwanakin nan ya yarda hannun Inna ne.

Nas ta dubi uwarta. "Inna, kin sani kika yi shiru?"

"Yaro yana yi mini alheri, ta ina zan fara ce masa bari? In kuma na faɗa, ke da na sani, gidan nan zai zaunu?"

"Hajiya," in ji Wa-Ya-Taɓa, "kunya ta kusa mayar da ke bakin taga har ƙarshen rayuwa. Kai kuma Malam, keken nan ƙafarta ce. Kana kama ƙafar mutum ka ɗaga masa don ka girmama shi?" Ya ciro kwalbar fentinsa yana jujjuya ta. "Amma babban mai laifi ga shi tsaye. Ita kaɗai na koya wa liba, na manta keke yana da mutanen gida."

Tun daga ranar ba ya sallamar keke sai an tara masa duk wanda ke kwana gida ɗaya da mai shi, kowa ya danna liba ya mayar da hannunsa, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ya kuma faɗa da bakinsa cewa ba a sakin ta a kan gangara. Masu ƙunƙuni sun ƙaru. Masu targaɗe sun ragu.

Kai ne, Wa-Ya-Taɓa, wanda bai taɓa sallamar keke don an gaji da jira ba. Kai ne mai durƙuso a kan siminti da gwiwar da ta daɗe tana ciwo, kana neman ɗigon fenti. Ka zargi caja, ka zargi batir, ka zargi mai keke da danginsa, ka zargi kanka fiye da kowa. Amma ranar da gida guda ya yanke wa hannun wata dattijuwa hukunci, har ita ma ta sa hannu, kai kaɗai ka ƙi yarda. Mun gode. Allah ya saka da alheri, ya ba gwiwar nan lafiya. Masu gyara da ke tasowa, ku ɗauki wannan hali ko da za a ce kun cika tambaya. Masu keke a gida kuma, kafin ku kai hannu da sunan taimako, ku tambayi mai shi.

Makon jiya ya ajiye aiki, aka yi masa ɗan taro a tsakar cibiya. Ana cikin jawabai sai aka ji hon, ɗit-ɗit. Uwar Ɗinki ce ta shigo a kan kekenta, sabuwar rigar da ta ɗinka masa a cinya, surukinta na biye a gefe, ya harɗe hannayensa biyu a baya kamar ɗalibin da aka kira ofis. Ta ratsa tsakanin kujeru ba ta taɓa ko ɗaya ba, ta tsaya a gabansa. Ƙas.

"Kafin ka tambaya," in ji ta, "ba wanda ya taɓa."

"Uhm," in ji shi.

Ya miƙa wa na kusa da shi rigar, ya dafa gwiwa, ya durƙusa a hankali a bayan keken a gaban likitoci da kowa. Fentin yana nan fari tas a kan liba biyun. Ya shafa mariƙin turawa da yatsa, ya ɗago yatsan ya duba, ya nuna wa surukin ƙurar, sannan ya miƙa masa hannu, surukin ya tashe shi.