Ɗan Tsuntsun da Na Yi wa Ɗurar Gero

Akwai wata Asabar ta lokacin zafi da har in koma ga Allah ba za ta fita raina ba. Ni da maiɗakina muka bar gidanmu na Woodbridge a Amurka muka tafi shan iska bakin ruwan Chesapeake. A cikin yashi na tsinci wani ɗan tsuntsun teku shi kaɗai, ko gashi bai gama fitarwa ba, yana ta wage baki yana kuka. Na duba gabas, na duba yamma, ba uwa ba uba.

Ni kuwa na yi kiwon tantabaru a Katsina, don haka gani nake ba mai koya mini tsuntsu. Maiɗakina ta ce in bar shi inda na gan shi, na ce ai maraya ne. Na sa shi a hulata muka taho gida.

Na jiƙa gero na yi masa ɗura kamar yadda muke yi wa 'ya'yan tantabara. Ya amayar. Na sake, ya sake amayarwa. Kafin la'asar ya daina kuka, wuyansa ya langaɓe. Nan fa na ga zan kashe ran da bai yi mini komai ba.

Maiɗakina ce ta nemo lambar masu ceton namun daji. Da na gaya wa matar da ta ɗauki wayar abin da na ba shi, sai ta tambayi kamanninsa. Ta ce waɗannan tsuntsaye kifi kawai suke ci. Uwa da uba ke faɗawa ruwa su kamo ƙaramin kifi, su kawo a baki, ɗan ya haɗiye shi ɗungurungum. Kuma da kukansa suke gane nasu.

"Ba maraya ba ne," in ji ta. "Abinci suka tafi nemo masa. Mayar da shi yanzu."

Muka faɗa cunkoson motoci, hular na kan cinyar maiɗakina, ni kuma ina ta leƙe.

"Abban yara, yana numfashi. Kai dai dubi hanya."

Na ajiye shi daidai inda na ɗauke shi, muka ja da baya. Tsuntsaye suna ta wucewa da kifi a baki, ba wanda ya sauko, shi kuma ya kasa kuka. Ban san adadin addu'ar da na yi ba. Can ya ɗaga kai ya yi 'yar ƙara a shaƙe. Wani fari mai baƙin kai ya kewayo, ya sake kewayowa, sannan ya dira ya miƙa masa kifi. Da na ga ya haɗiye, sai na zauna daɓas a yashi.

Tun ranar na gane tausayin da ba sani a cikinsa yana iya kisa. Yanzu in na ga abin da nake zaton yana neman taimakona, sai na tambaya kafin in miƙa hannu.