Na'urar da Ta Cinye Hancin Awadiyya

Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, kuma da hancinta take ci. Jinyar mijinta ce ta kawo ta Alƙahira. Shi ya rasu, ita ta zauna. A hawa na huɗu na wani tsohon gini a Hay el-Sabi' take haɗa turaren wuta da humra, matan ɗalibai 'yan Najeriya suna saye, suna kiranta Khala, wato inna. Ba ta awo da cokali. Sai ta shaƙa, ta ƙara, ta sake shaƙa. Kafin ka gama kwance murfin kwalba ta faɗa maka ko sandal ɗin na gaske ne.

Tagar kicin ɗinta tana kallon manwar, ramin nan na tsakiyar gini da tagogin kowane hawa ke buɗewa cikinsa. A bakin tagar take wuni, nan take shanya itacen turare.

A ƙarshen 2013 wani matashi mai suna Harun ya kama gidan da ke ƙasa da nata. Yana da fara'a, yana da gaisuwa, amma ya liƙe tagoginsa da baƙar leda, ya zuro wani bututu cikin manwar. Daga ranar wani ƙugin inji bai sake yankewa ba, iskar ramin kuma ta koma kamar ta hadari gab da saukar ruwa. Awadiyya, wadda rabonta da damina shekara huɗu, ta ja kujerarta ta ƙara matsawa. Har auduga ta rataye a tagar, wai ko za ta kama mata ƙamshin.

Tari ne ya fara zuwa, busasshe, mai kartar maƙogwaro. Sai robar tukunyar gas ta tsattsage, ta sauya, sabuwar ma ta tsattsage. Sai Khairat, tsohuwar mai sayenta, ta dawo da kwalba.

"Khala, wannan turare ne ko icen girki? Maigida ya tambaye ni me ya ƙone."

Awadiyya ta shinshina. Ta sake shinshinawa. Ta ce, "Ma'alish, 'yata, zan sake miki." Ba ta faɗa mata cewa ita ma da ƙyar ta ji wani abu ba.

Wata la'asar Zulfa, mai karatun haɗa magunguna a Giza, ta zo karɓar humrar bikin yayarta. Suna zaune aka ɗauke wuta, kamar yadda aka saba a shekarar. Ƙugin ya tsaya. Ba a jima ba wani wari ya taso daga ramin, ɗanye, mai kauri, har Awadiyya ma ta ji shi can nesa-nesa.

Zulfa ta toshe hanci da mayafi. "Khala, wiwi ce. Ba hayaƙinta ba, ita kanta, a tsaye. Shuka ta ake yi a ƙasanku."

"To ƙamshin ruwan saman fa?"

"Wane ruwan sama a Alƙahira? Na'ura ce, ozon take fitarwa don ta kashe warin. Ba ta san wari da ƙamshi ba, duk ci take yi. Roba ma ci take yi, balle mutum. Tun yaushe kike zama a nan?"

Awadiyya ta ƙirga da yatsu. Wata biyar.

Washegari ta tare Harun a matakala. Ya saurare ta har ƙarshe, hannunsa a ƙirji.

"Gaskiyarki, Hajja," in ji shi. "Amma mai gadi ya ce iƙamarki, takardar izinin zamanki a ƙasar nan, ta ƙare tun bara. Ɗaliban hawa na biyar ma haka. Kin san hukuma a 'yan kwanakin nan, in ta shigo gini ba ƙofa ɗaya take bugawa ba." Ya ɗaukar mata ledar cefanenta har ƙofa.

Ba ta kai ƙara ba. Ta cusa tsumma a tagar, amma gawayi ba ya zama a ɗaki rufe, dole ta riƙa buɗewa. Sai da aka yi wata biyu kafin ta sami ɗaki a Hadayek el-Maadi.

Tarin ya ragu a can. Hancin ne bai dawo ba. Likita ya ce wataƙila, ya ce a jira.

Har yanzu tana haɗawa, da abin da hannu ya haddace. In mai saye ta zo, Awadiyya ta zuba turaren a garwashi, ta miƙa kaskon, ta kafa wa fuskar matar ido. Rannan wata amarya ta shaƙa, ta dubi ƙawarta.

"Tamam? Ya yi?" in ji Awadiyya.

Amaryar ta ajiye kaskon a hankali, ta ce za su ɗan zaga su dawo.