Wannan Ba Shatin Ƙahona Ba Ne

Goggo Luan, yayar babana, ta shekara talatin da ɗaya tana yi wa mutane ƙaho a gidan wanka na ma'aikatan daji. Ban da sunanta ba ta iya karanta komai ba, amma babu gadon bayan da ba ta sani ba a garinmu. Ta kunna auduga, ta zura cikin kwalba, ta kifa maka a baya, kana ihu tana ce maka rago. Mu nan ko mura yaro ya yi sai an kifa masa kwalba, shi ya sa jan shati a bayan yaro ba mai ko kallonsa.

Daminar da 'yata Manman ta cika shekara bakwai, sanƙarau ya shigo gari, mai sauƙin nan da ke kwantar da yaro kwana uku ya tashi da kansa. Ita kuwa kwana goma tana riƙe da kai. Muka tafi asibitin gunduma, Goggo ta biyo mu ba wanda ya gayyace ta. Likita Pang, matashi sabon zuwa daga birnin Harbin, ya ɗebi ruwan ƙashin bayanta ya auna, ya ce irin na sauran yaran ne, mu koma gida ta huta. Har na fara naɗe bargo.

"Ɗan nan, wannan fa?" in ji Goggo, ta ɗaga rigar yarinyar. Wani jan zobe ne a ƙasan kafaɗarta.

"Shatin ƙaho ne, Inna. Duk yaron garinku da shi yake zuwa."

"Ƙahon wa? Kwalabena goma sha biyu ne, babbar cikinsu bakinta bai wuce na kofin shayi ba. Ranar wankan da ta wuce na gan shi ɗan ƙarami, na ɗauka kakarta ce ta yi mata. Yau ga shi ya fi tafin hannuna. Ƙaho dushewa yake, ba ya girma. Kuma nawa tsakiyarsa ke yin duhu, wannan tsakiyarsa fes!"

Kunya ta kama ni, na ja hannun rigarta. "Haba Goggo, likita ne fa."

"Ke rufe mini baki, ke da ko bayan 'yarki ba kya dubawa!"

Likita ya sake duba zoben, sannan ya tambaye ni ko yarinyar ta shiga daji. Sai a lokacin na tuna: watan biyar ta bi ubanta tsinkar ganyen miya, ya cire mata kaska, ya ƙone ta da taba, muka manta. Likita ya ce Manman ta runtse ido ta washe haƙora. Idon hagu ya ƙi rufuwa, bakin ya karkace gefe.

Ya yage takardar sallama a gabanmu. Ya ce wannan sanƙarau na cizon kaska ne, ruwan ƙashin baya yakan nuna shi kamar mai sauƙin, amma shi hutu ba ya kashe shi, sai allura ta jijiya. Da mun tafi gida, da ya ci gaba da cin jijiyoyinta muna dama mata kunun gero. Ya rusuna wa Goggo ya ce, "Inna, kin fi ni ido."

"Ba ido ba ne, ɗan nan, daɗewa ce," in ji ta. Ni kuwa kaina ya yi girma kamar ni aka yaba.

Mako biyu ana yi wa Manman allura, fuskar kuwa ta ƙi komawa. Kullum da safe Goggo takan rufe wurin aikinta ta zo ta ce, "Yi mini dariya in gani," yarinyar ta yi da rabin baki. Ran kwana na ashirin da shida dariyar ta zo daidai, idanu biyu suka rufe tare.

Goggo ta daɗe tana kallonta. "Mummuna kamar ubanki," ta ce, "amma dai bakin ya miƙe." Ta fita baranda da sauri, na bi ta, na same ta tsugune ta tusa fuska cikin riga tana kuka.